Abin da nake karantawa a jikin mabiyiya

A ɗakin haihuwa, da jinjiri ya yi kukan fari hankalin kowa ya koma kansa. Ƴan rakiya na bakin ƙofa suna tambayar mace ce ko namiji, wata har ta ciro salula za ta kira uban ɗa a Abija ko Libiya inda ya tafi bida. Ni kuwa a wurina haihuwa ba ta ƙare ba tukuna. Sai mabiyiya ta sauko na ɗora ta a faranti, na kai ta ƙarƙashin fitila, na juya ta gaba da baya. Ungozomar likita ce ni a nan Tawa, kuma cikin duk abin da aikin nan ya nuna mini babu abin da nake ganin girmansa kamar wannan tsoka da mutane ba sa son ko kallonta.

Tsofaffi kan ƙosa da ni. Kakar jinjiri na tsaye da tsumma da bokiti tana cewa, "Madam, ba mu ita mu tafi, rana na yi." Nakan ce, "Inna, yi haƙuri kaɗan, sai na tabbata ta fito duka." Ba ni da ja da binne ta. A wanke mabiyiya, a naɗe ta, a haƙa rami cikin gida a rufe ta da mutunci, al'ada ce mai kyau kuma ina so ta ɗore. Abin da ke ci mini rai shi ne sai ta gama aikinta muke tunawa da ita. Lokacin da take bukatar kulawa shi ne watannin farko, lokacin da ake gina ta, kuma su ne daidai watannin da ɗiyanmu mata ke ɓoye ciki.

Da yawa sun ɗauka wani sashe ne na jikin uwa. Ba haka ba ne, daga ƙwan da ya zama jinjirin ta fito. Kwana shida zuwa bakwai da shigar ciki ƙwan ke mannewa a bangon mahaifa. Na cikinsa ya zama ɗa, na bayansa ya kutsa cikin naman mahaifa ya zama mabiyiya. Ke nan rabin gadonta daga uba ne, yadda rabin gadon ɗan yake daga uba. Jikin mutum ba ya karɓar baƙon nama. Wanda aka dasa wa ƙoda sai ya yi ta shan magani iya rayuwarsa don kada jikinsa ya yaƙe ta. Amma mahaifa na riƙe wannan baƙuwa wata tara lafiya lau. Duk sanda na tuna wannan sai na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

In ciki ya cika watanninsa, nauyinta wajen giram 500 ne, kusan ɗaya bisa shida na nauyin jinjirin. Faɗinta santimita 20 ko sama kaɗan, kaurinta biyu zuwa uku a tsakiya. Fuskar da ke kallon ɗa sumul take tana sheƙi, jijiyoyi sun bazu a kanta daga gindin cibiya. Wadda ke manne da uwa ja ce mai duhu, a rarrabe gunduwa-gunduwa, 15 zuwa 20. Su nake harhaɗawa a tafin hannu in ga ko akwai gurbin da ya rage a ciki. Sai in ɗaga jakar ruwan in duba ko ta cika, in leƙa bakin cibiya inda aka yanke in ƙirga jijiyoyi. Uku ya kamata su zama: babba ɗaya mai kai wa ɗa jini mai kyau, ƙanana biyu masu dawo da wanda ya gama aiki. Wajen ɗa guda cikin ɗari kan zo da biyu kawai, irin wannan sai lokotoro ya duba masa zuciya da ƙoda. Sauran abin kuma a jikinta yake a rubuce. Wata ƴar ƙarama ce da fararen tabo masu tauri, wannan ta yi ƙishin jini. Wata da gudan baƙin jini manne a bayanta, wannan ta fara ɓamɓarewa kafin lokaci. Wata kuma ƙatuwa, fari-fari, ta yi wa ɗan nauyi, sai in ce a gwada jinin uwa ko akwai tunjere.

Ƴan makarantar da ke zuwa koyon aiki wurinmu, har da mazajen da suka yi karatu, sukan tambaye ni ko jinin uwa ne ke gudana a jikin ɗa. Jini biyu ne, kowa da nasa, ba sa gauraya. Zuciyar ɗa ce ke tura jininsa ta cibiya zuwa cikin wasu ƴan siraran rassa dubbai da ke cikin mabiyiya, jinin uwa kuma ya kwararo ya kewaye rassan ya koma. Tsakaninsu wata fata ce da ido ba ya iya ganin kaurinta, ta nan komai ke ƙetarewa. Da za a shimfiɗa rassan nan, faɗinsu ya haura murabba'in mita 10. A ƙarshen ciki sama da rabin lita na jinin uwa ke bi ta wurin kowane minti ɗaya. Ku riƙe wannan adadi, zan dawo kansa.

Huhun ɗa cike yake da ruwa, ba ya shaƙar komai sai ranar da ya faɗo. Iskar oksijin da uwa ta shaƙa ce ke ƙetarewa zuwa gare shi, kuma jinin ɗan tayi ya fi na babba iya damƙar ta. Gurɓatacciyar iska da dattin jiki kuma su ƙetaro baya, huhun uwa da ƙodarta da hantarta su fitar. Shi ya sa shawarar jarirai ba ta cika bayyana ranar haihuwa ba sai kwana na biyu ko na uku. A ciki mabiyiya ce ke kwashe abin da ke sa rawayar, da aka raba su kuwa sai aikin ya faɗa kan hantar jinjiri wadda ba ta gama ƙwari ba.

Ci ma ta nan ne. Sukari, kitse, kayan gina tsoka, kalsiyom na ƙashi, sinadarin ƙarfe na yin jini. Wasu da kansu suke wucewa, wasu kuma mabiyiya janyo su take da ƙarfi, ko da uwa ba ta da su da yawa. Ƙarfen nan musamman, a watanni ukun ƙarshe take tara wa ɗa wanda zai riƙe shi watannin farkon rayuwarsa, kuma ba ta tambayar uwa ko tana da rara. Ina ganin sakamakon kullum. In buɗe idon mai ciki in ga fari fat, tafin hannu fari, tana haki daga tafiya kaɗan, ciki na shida ko na bakwai kuma na bayan bai daɗe da barin nono ba. Fura da tuwon hatsi suna cika ciki amma ba su isa su mayar da jinin da ake ɗiba ba. Wake, zogale, hanta, ƙwai, kifin Tabalak in ya samu, ko fara a lokacinta, duk suna taimakawa, sannan ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa a awo, a sha ta kullum. Abu ɗaya da nake yawan faɗa wa matan arewacin jiharmu, wajen Abalak da Cintabaradan, inda shayi ya zama ruwan sha: shayi mai kauri a kan abinci yana hana ƙarfen shiga jiki. A ba da tazara tsakaninsu.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurare ni da kyau. Jijiyoyin da ke kawo wa bangon mahaifa jini asalinsu ƙanana ne, a murɗe, masu tsukewa. Aikin farko na mabiyiya shi ne ta aika ƙwayoyinta cikin waɗannan jijiyoyi su ruguza bangonsu, su mai da su masu faɗi, sakakku, yadda jini zai riƙa zuwa a yalwace ba tare da matsi ba. Ana fara wannan tun watannin farko, kuma kafin mako na 20 an gama. Duk wanda ya ga lambun albasa a Galmi ya san in mai lambu ya ja hanyar ruwa ƙunƙuntacciya tun ranar dashe, fangalin ƙishi zai yi ta ji har a cire albasa, kome yawan ruwan da ke madatsa. Haka mabiyiyar da jijiyoyinta ba su buɗe ba. Ɗa ba ya girma yadda ya kamata, ita kuma mabiyiyar da ke cikin ƙunci sai ta riƙa sako wasu sinadarai cikin jinin uwa masu ɓata jijiyoyin jikinta duka. Tansiyo ya hau, ƙoda ta fara zubar da abin da bai kamata ba cikin fitsari, fuska da hannu su kumbura, kai ya yi ta sara, ido ya riƙa ganin walƙiya. In ba a tare ba sai jijjiga.

Jijjiga ba iska ba ce, ba kuma jifa ba. Na ga an kawo yarinya daga ƙauye a mota, ta kwana tana faɗuwa, harshe a tattaune, jiki duk hayaƙin turare, don an ce mutanen ɓoye ne suka taɓa ta. Ban ga laifin iyayen ba, abin da suka sani suka yi, kuma da soyayya suka yi shi. Amma tushen ciwon a mabiyiya yake. Allurar manyeziyom na tsai da faɗuwar, maganin tansiyo na sauke jini, warkewa kuwa sai an raba uwa da mabiyiya, ko da cikin bai cika ba. Abin takaicin shi ne ana iya rage haɗarin tun da wuri. Macen da ta taɓa yin wannan ciwo, ko mai hawan jini dama, ko mai cikin tagwaye, likita na iya ɗora ta kan ƙaramin asfirin kullum, amma sai an fara kafin mako na 20 yake da cikakken amfani. Wadda ta zo awon farko da ciki wata bakwai, wannan ƙofar ta riga ta rufe mata.

Kuma masu cikin fari su ne suka fi zuwa a makare. Na san kunya, ni ma a cikinta na tashi. Amarya ba za ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta tana da ciki ba, ba za ta so a gan ta a layin awo ba, sai ta yi ta ɗaura zane sama tana cewa masassara ce. Uwar miji ta gane amma ta yi shiru don kada baki ya kama cikin. Mijin yana bida. Sai an kai ta gidan iyayenta goyon ciki sannan a tuna da likita. Nakan ce wa surukai in na samu zama da su, "Hajiya, ke kika fara ganewa tun kafin ita ta gane. Kamo hannunta ki kawo ta, ba sai unguwa ta ji ba." Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga mai ciki sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko. Mu a nan ko da huɗu aka samu cikakku, in dai na farkon ya zo da wuri, da abubuwa da yawa sun canza.

Masassarar cizon sauro ma masu cikin fari ta fi kamawa, kuma dalilin na cikin mabiyiya. Babbar mace da ta tashi a ƙasar nan jikinta ya saba da ciwon, tana da ɗan kariya. To amma ƙwayar cutar, in ta shiga jajayen ƙwayoyin jinin mai ciki, tana sa musu wani abu mai danƙo a baya wanda ke kama wani sinadari da ke jikin rassan mabiyiya. Masu bincike Michal Fried da Patrick Duffy ne suka nuna haka a 1996, da mabiyiyoyin matan Kenya. Sai ƙwayoyin su taru can su maƙale, ba sa zagayawa su bi ta saifa inda za a kashe su. Jikin mai cikin fari bai taɓa haɗuwa da wannan salo ba, sai a ciki na biyu da na uku yake koyon yaƙarsa. Mace na iya yawo ba zazzaɓi, a ɗiga jinin yatsarta gwaji ya ce babu komai, alhali mabiyiya cike take. Wurin ya kumbura, fatar da abinci ke ƙetarewa ta yi kauri, uwa ta rasa jini, ɗa ya zo bai kai kilo biyu da rabi ba, ko ya zo bakwaini, ko ya zo ba rai. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, da bayansu kaɗan, ma'aunin jarirai a ɗakinmu shi ke ba da labarin damina.

Saboda haka ne muke ba da Fansidar, maganin masassarar sauro, ƙwaya uku a haɗiye a gabanmu, daga shigar wata na huɗu, wata-wata har haihuwa, aƙalla sau uku. Mata kan ce, "Madam, ai lafiyata lau, me zan yi da magani?" In ce, "Ɗiyata, ba don abin da kike ji ba ne, don abin da ba kya ji ne." Sangen da ake ba ki a awo kuma ki ɗaura shi ki kwana ciki tun daren farko, kada ki ajiye shi a akwati sai jinjiri ya zo.

An daɗe ana ɗauka mabiyiya na tare duk wani mugun abu. Duniya ta gane ba haka ba ne ta hanya mai ciwo. A 1957 aka fara sayar da wani magani a Jamus, talidomid, ana ba masu ciki don barci da tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961 an haifi yara sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban da guntayen hannaye da ƙafafu. Mabiyiya tana tace wasu ƙwayoyin cuta, tana lalata wasu sinadarai, amma yawancin magunguna suna wucewa. Tramol yana wucewa, kuma ɗan macen da ta saba sha yakan zo yana karkarwa da kuka mai tsini don an yanke masa abin da jikinsa ya saba. Taba, ta sha ko ta baki, tana tsuke jijiyoyin. Giya na wucewa kai tsaye. Kafso da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a faranti a kasuwa, wasu na ɓata haƙoran ɗa tun kafin su fito, wasu na taɓa ƙodarsa da zuciyarsa a ƙarshen ciki. Jiƙe-jiƙe kuma ba wanda ya auna ƙarfinsu. Akwai wani da ba a cika kawo shi a rai ba: gawayi a ɗaki rufe lokacin ɗari. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana ƙetarewa, kuma ta fi daɗewa a jinin ɗa fiye da na uwa. In za a shigar da kasko ɗaki a bar taga a buɗe.

Tunjere ma yana ƙetarewa ya kashe ɗa a ciki, alhali allurar penisilin na maganinsa in an gano da wuri. Ƙwayar sida na iya wucewa, amma uwar da ke shan maganinta kullum ba fashi kusan koyaushe lafiyayyen ɗa take haifa. Jinin da muke ɗiba a awon farko don waɗannan ne, ba don mu tona asirin kowa ba.

Akwai kuma alherin da mabiyiya take ƙetarwa da gangan. A watanni ukun ƙarshe tana ɗibar garkuwar da jikin uwa ya tara a kan cututtuka tana tura wa ɗa, har a ranar haihuwa tasa takan fi ta uwar yawa. Da ita yake fitowa duniya, ita ke riƙe shi kafin nasa jikin ya koya, shi ya sa allurar ƙyanda sai wata tara. Allurar tetanos da muke yi wa mai ciki a dantse, ɗan muke yi wa ta hannun uwarsa. Manyanmu a aikin nan suna ba da labarin jariran da ake kawowa kafin suna ko bayansa kaɗan, baki a sarƙe, sun kasa kama nono, jiki na sandarewa. A 2016 aka tabbatar Nijar ta kawar da tetanos na uwa da jariri a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Ƙwayar cutar na nan cikin ƙasa har gobe, allurar ce da tsabtar yankan cibiya suka tsare mu.

Mabiyiya ce kuma ke juya jikin uwa daga nesa da sinadaran da take sakowa. Na farkonsu shi ɗan tsinken gwajin ciki na farmasi ke gani a fitsari, ƴan kwanaki kaɗan bayan ɓatan wata, kuma yawansa na kai ƙololuwa wajen mako na 10, daidai lokacin da laulayi ya fi tsanani. Furojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa kada ta matso ɗa waje, da farko daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa, wajen ƙarshen wata na biyu mabiyiya ta karɓi aikin. Wani sinadarin kuma yana sa jikin uwa ya rage jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, don sukari ya daɗe a jini ɗa ya samu. In abin ya wuce iyaka sai ciwon sukarin ciki. Sukarin na ƙetarewa, insulin ɗin uwa ba ya ƙetarewa, ɗa ya yi ta ƙiba har ya haura kilo huɗu kafaɗa ta maƙale a hanya.

Inda mabiyiya ta zauna ma magana ce. Yawanci sama take kamawa. A wajen ciki ɗaya cikin 200 takan zauna ƙasa ta rufe bakin mahaifa, alamarta jini ja ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Wannan ba a sa mata hannu a gida, ba a jira naƙuda, eko, wato hoton ciki, ke nuna ta kuma aiki ake yi a ciro ɗan. In kuwa ta ɓamɓare kafin haihuwa, ciki ya yi tauri, ciwo mai tsanani, jinin baƙi ne ko ma ya taru a ciki ba a gani. Kowanne cikin biyun, ɗigon jini ga mai ciki ba abin a kwana da shi ba ne. Macen da aka taɓa yi wa aiki kuma ta nemi a duba mata inda mabiyiya ta zauna, don takan kafe a kan tsohon tabo.

Da ɗa ya faɗo ba ma gaggawar yanke cibiya. Mukan jira minti ɗaya zuwa uku, don jinin da ke cikin mabiyiya nasa ne, kuma abin da ke komawa jikinsa a wannan ɗan lokaci yana kai mililita 80 zuwa 100. Ga jinjirin da zai tashi a ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa yara yawa, wannan ba ƙaramin guzuri ba ne. Ita kuma uwa allurar oksitosin muke yi mata a cinya cikin minti na farko don mahaifa ta matse.

Ga inda adadin nan na ɗazu ya dawo. Jijiyoyin da mabiyiya ta buɗe ta faɗaɗa ba su da sauran ikon tsukewa da kansu. Da ta ɓamɓare, a buɗe suke, da rabin lita a minti a bayansu. Abin da ke rufe su shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri ta matse su, kuma ba ta iya dunƙulewa sosai in akwai saura a ciki. Macen da ta zo da jini kaɗan dama, wadda sauro da yawan haihuwa suka rage, ba ta da abin da za ta yi asara. In an yi minti 30 mabiyiya ba ta sauko ba, ko jini ya ɓalle, a nemi mota ko amalanke a kama hanya. Kada a ja cibiya, takan tsinke ko ta juyo da mahaifa waje. Busa kwalba da tura muciya a maƙogwaro da hayaƙin barkono lokaci kawai suke ci. A sa jinjiri a nono, tsotsonsa na sa mahaifa matsewa, a sa ta ta yi fitsari, a tafi ana murza mata mara.

A wannan fanni ƙasarmu ta yi abin a yaba. Daga wajen 2015 aka baza tsari ɗaya a likitocin Nijar: ƙwayar misofurostol mai sa mahaifa ta matse, in jini bai tsaya ba a sa balan-balan cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, in mace ta fara suma a ɗaure ta da rigar matse jiki har a isa inda za a yi mata aiki ko ƙarin jini. Binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna mutuwar mata ta zubar jini bayan haihuwa a likitoci ta ragu da fiye da rabi cikin shekaru shida. Kayan ba masu tsada ba ne, amma suna likita, ba sa gida.

Fitar mabiyiya ce kuma ke kiran nono. Da ta rabu da jiki furojestaron ya faɗi, kwana biyu zuwa uku sai ruwan nono ya sauko sosai. Kafin nan ɗan kaɗan mai kauri da ke fitowa ya ishi jinjiri, kada a matse shi a zubar. Amma in guntu ya rage a ciki yakan ci gaba da aika saƙon cewa ciki na nan. Don haka mai jegon da ta koma gida ta ga kwana huɗu ko biyar nono bai zo ba, ko jini ya ƙaru maimakon ya ragu, ko yana fitowa da gudaji, ko yana wari, ko zazzaɓi ya rufe ta da ciwon mara, ta ɗauko karnenta na awo ta dawo mu duba, ko tsakar dare ne, ko ranar suna ce.